Ɗanmu Yana Gudu a Kumasi, Mu Muna Gida Muna Ƙirga Kuɗin Mota



Daga cikin hidimomin da Allah Ya ɗora mana a ƙofar Maigida, dattijon zangonmu da ke kan hanyar Mampong zuwa Ejura, akwai riƙon littafin koke. Duk wanda ya shigo zaure da buƙata, mu ke rubutawa: kuɗin asibiti, likkafani, sulhun aure, cikon kuɗin haya. A 'yan shekarun nan wani irin koke ya fara shiga littafin wanda ba mu saba da shi ba. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu, mai sayar da koko da ƙosai a bakin tasha, ta durƙusa ta ce: "Baba, ɗanka ne makaranta ta zaɓa, zai yi gudu a Kumasi. Ya ce in zo in gan shi. Na ƙirga abin da ke hannuna, in na je jarin ya tafi." Maigida ya ba ta abin da ya sawwaƙa, amma bai kai zuwa da dawowa ba, balle ribar yinin da za ta rasa. Ba ta je ba. Yaron ya zo na uku a rukuninsa, a waya ta ji labari.

Wanda ya taso a yankin Ashanti ba sai an gaya masa mene ne Intako ba, wato gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin manyan makarantun sakandare. Ana farawa shiyya-shiyya, waɗanda suka yi fice su haɗu a babban zagaye a filin wasa na Baba Yara. Can Kwalejin Prempeh da Opoku Ware ke gwada tsohuwar hamayyarsu, can kuma T.I. Ahmadiyya ta Kumasi ta yi sunan da ta yi a gudu. Muna tuna lokacin da in ranar ta zo sai mu cika mota tun asuba, iyaye da ƙanne da maƙwabta, mata sun ɗauro shinkafa da wake a kwano, samari na buga galan kamar ganga har mu gangara tudun Mampong. Wasunmu ba su san dokar tseren miƙa sanda ba, amma sun san ɗan wane ne ke riƙe da ita. A zuwanmu na baya-bayan nan ɗalibai suna nan da ihunsu, domin makaranta ce ke kwaso su. Gefen da iyayen zango ke zama ne muka tarar ya yi sarari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2022 darajar sidi ta zube, man fetur da gas suka ninka har suka wuce, ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta ƙara kuɗin mota sau uku a shekara guda: kashi 15 cikin ɗari a Fabrairu, kashi 20 a Mayu, kashi 19 a Oktoba. In aka ɗora kowane ƙari a kan ɗan uwansa, abin da mutum ke biya ya hau da kusan kashi biyu cikin uku. A watan Disamban shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 54.1, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, a Mayun 2023 kuma Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince da rancen dala biliyan 3. Wannan duka manyan maganganu ne na Ankara. A zango fassararsu guda ce: buhun masara, kuɗin wuta, sabulu da garin da za a kai wa yaro makarantar kwana, su suka fara cinye aljihu, kallon wasa ya koma ƙarshen layi.

Za a ce mana ai abin ya lafa. Gaskiya ne, sidi ta farfaɗo a 2025, hauhawar ta sauko ƙasa da kashi 10, an kuma rage kuɗin mota da kashi 15 a watan Mayu. Mun gode Allah. Sai dai akwai abin da masu karanta labarai ba sa tsayawa su bayyana wa talaka. Saukar hauhawa na nufin farashi ya rage saurin hawa. Motar da ta hau tudun Mampong ta rage gudu tana nan a kan tudu, ba ta dawo ƙasa ba. Ribar mai koko kuwa ba ta hau tare da ita ba, domin duk lokacin da ta ƙara farashi masu sha raguwa suke yi. Ban da haka, al'adar da aka bari shekara uku ba ta komowa da kanta. Ƙanen da bai taɓa zuwa fili ba, ba ya kukan a kai shi.

Kuma lissafin tafiyar ya wuce kuɗin tasha. Akwai babur ko keke mai ƙafa uku daga gida, akwai babbar mota zuwa Kumasi, akwai ƙaramar mota daga Kejetia zuwa fili, akwai kuɗin ƙofa, ruwa da abinci, da ɗan abin da uwa ba za ta iya dawowa ba ta danƙa wa ɗanta ba. Gasar kuma yawanci a ranakun aiki ake yin ta. Ma'aikacin gwamnati zai nemi izini, albashinsa na nan. Mahauci, tela, mai dako da mai koko, ranar da ba su fito ba babu ita a lissafi, kuma mafi yawanmu ke nan. Tsarin sakandare kyauta da aka fara a 2017 alheri ne babba, ba ma musun wannan, amma rabon makarantu ta kwamfuta kan jefa yaro gari mai nisa, har ziyarar wata-wata ta gagari iyaye, ina ga kallon wasa.

Mun san a cikin dattawanmu akwai masu cewa, to, sai me? Wasa ne, an rage shagala. Mu ma almajirai ne, a gaban allo muka girma, ba mu ɗauki maganar malamai da wasa ba. Amma waɗanda suka karantar da mu su ne suka gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma an yi tseren dawaki a gabansa. Abin ƙi a filin wasa shi ne caca, shaye-shaye, barin salla da jifan juna bayan an tashi. Waɗannan kuwa ƙaruwa suke yi in babu babba a wurin. Mun sha gani da idonmu: samari sun fara ɗaga murya, sai su hango hular wani dattijo daga unguwarsu, sai kowa ya shiga taitayinsa. Duk iyayen da tsada ta zaunar a gida, an rage idon da ke tsare tarbiyyar wurin.

Akwai kuma abin da ya fi wannan taɓa gaba. Gudu ƙofa ce ta karatu. Joseph Paul Amoah daga Kwalejin Prempeh ya fito, ya wuce jami'a a Amurka, ya ci zinare a tseren mita 200 a gasar Afirka da aka yi a Ankara a watan Maris na 2024. Benjamin Azamati ya bi ta Jami'ar Gana, ya tafi Amurka, a 2021 ya karya tarihin ƙasa na mita 100 wanda ya tsaya tun 1999. Abdul-Rasheed Saminu, ɗan Arewa, shi ma ta Jami'ar Gana ya bi, a 2025 tarihin ya koma hannunsa. Uban da bai taɓa ganin ɗansa ya wuce mutum bakwai a gaban dubban jama'a ba, ranar da malamin wasanni ya zo neman izinin a tafi da yaron sansanin horo, cewa zai yi ya zauna ya taimaka a shago. Ba mugunta ba ce, bai gani ba ne, kuma gani ya kori ji. Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani. Yarinyar zango ba ta samun izinin ci gaba da gudu sai in uwarta ko gwaggonta ta je ta ga wurin, ta ga shigar, ta ga malamar da ke kula da su, hankalinta ya kwanta. In kuɗin mota ya hana wannan zuwan, magana ta ƙare tun ba a fara ba.

Wasu matasa sun ce mana yanzu ai ana nuna gasar a Facebook. Muna kallo, muna kuma yaba wa masu ɗauka. To amma shi ma da kuɗin intanet ake kallonsa, kuma yaron da ke tsugune a layin farawa ba ya jin ihun da ake yi a cikin waya.

Ba za mu ɗora komai a kan tsada ba. Mu ma da laifinmu. Zangon da ke iya cika mota biyu zuwa biki a Tamale, da anko da kuɗin liƙi, bai kamata ya ce mota guda zuwa Kumasi ta gagare shi ba. Mun ɗauki biki wajibi, mun ɗauki ranar yaro ganin dama. Filin nan da muke magana, sunan ɗan zango yake ɗauke da shi, Baba Yara na Asante Kotoko, wanda haɗarin mota a hanyar dawowa daga wasa a 1963 ya raba shi da ƙwallo. Abin kunya ne a ce gefenmu ne ya fi zama fayau a cikinsa.

Roƙonmu ga masu shirya gasar kaɗan ne: a sanar da ranaku da wuri yadda mai ƙaramin ƙarfi zai tara, a duba yiwuwar sa zagayen ƙarshe ranar Asabar, a sassauta kuɗin ƙofa ga iyayen yaran da ke cikin gasar. Abin da ke hannunmu kuwa mun fara shi. Maigida ya umarce mu da mu buɗe shafi na daban a littafi, mu rubuta sunan duk ɗan zangon da makarantarsa ta zaɓa, namiji ko mace. Za a riƙa zuba adashi kaɗan-kaɗan kowace Juma'a, a yi shatar mota guda, domin shata ta fi sauƙi a kan kowa ya bi tasha, kuma direbobin cikinmu biyu sun yarda su karɓi kuɗin mai da na mai mota kawai. Kujerun gaba na zawarawa ne da tsofaffi. Wanda ke da ɗa a gasar bana ya same mu a zaure bayan sallar La'asar, ya zo da sunan yaron da na makarantarsa. Mai kokon nan ita muka fara rubutawa, ɗanta yana ajin ƙarshe.