Lita 8 daga jarka ɗaya? Zo mu yi lissafin

Jama'ar Keffi, ku yi haƙuri yau rubutun zai ɗan yi tsawo. Daren jiya a guruf ɗinmu na WhatsApp wani ɗan aji biyu da ke zaune a Angwan Lambu ya saka hoton tukunya da bututu, wai ya haɗa ruwan sukari da yis jarka guda, zai tace ya fitar da ogogoro lita 8 ya sayar wa 'yan lodge. Mutane sai tafi suke, har da masu kiransa injiniya. Ni kuwa da nake karatun kimiyyar sinadarai raina ne ya ɓaci.

Ban zo wa'azi ba. Kowa ya san abin da limaminsa ko fastonsa ya ce kan giya. Lissafi na zo yi.

Tukunya ba ta haifar barasa, wadda ke cikin ruwan kawai take tattarowa. Jarka lita 20 ce. A ce ɗan koyo ya yi sa'a tsiminsa ya kai kashi 8 cikin ɗari, barasar da ke ciki duka lita 1.6 ce. In ya mai da ita mai ƙarfin kashi 40, lita 4 ke nan, a kan takarda fa, kafin a cire wadda ta bi iska da wadda ta maƙale a gindin tukunya. To ina sauran lita 4 za ta fito? Ko dai ya tsuga ruwa, wannan cuta ce kawai, ko kuma ya je kasuwa ya sayo sifirit mai arha ya cike gurbin. Nan ne ake mutuwa.

Tsimin sukari ko dawa ba ya ba da metanol mai yawa. Yawanci gubar da ke kashe mutane rututu zuba ta ake yi. A watan Afrilun 2015 a Ode-Irele ta jihar Ondo, mutum aƙalla 18 suka mutu, aka yi ta cewa fushin abin bauta ne, bincike ya nuna metanol ne a ogogoro. A watan Yunin shekarar, a jihar Ribas, mutum sama da 60 suka bi su. Hanta na juya metanol ya zama asid mai lalata jijiyar ido. Ɗan kaɗan kamar cokali guda yana iya makantar da mutum, kuma muguntar abin, alamun kan jinkirta awa 12 zuwa 24. Ka sha daren Juma'a, ka tashi garau, yammar Asabar gani ya fara hazo.

Wani ya ce min ai za su zubar da na farko shi ke nan. Ɗan'uwa, ka zubar da kofin farko sau goma, in sifirit aka ƙara daga baya me ka tsare? Ban ma taɓo tururin barasa kusa da risho a ɗaki mai taga ɗaya ba, da katifa da labule da mutum huɗu suna barci.

Wanda ya riga ya sha irin wannan, ya ji ciwon kai da amai da gani dishi-dishi, kada abokai su kwantar da shi wai zai wartsake. A ɗauke shi zuwa FMC Keffi a take, a faɗa wa likita ainihin abin da ya sha, a tafi da ragowar kwalbar.

Shi kuwa injiniyan namu na tura masa lissafin nan ta bayan fage. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, har yanzu bai ce komai ba.