Wa Ya Jefa Bam Ɗin, Wa Ya Ɗauki Hoton?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, an kira ni karen farautar Amurka a kan layi ɗaya tak, kuma ba ni da inda zan wanke kaina sai a wannan mujalla tamu.

Ga yadda aka yi. Mu biyar ne muke haɗuwa ran Asabar muna yi wa Wikipedia ta Hausa rubutu, ba mai biyan mu ko anini. Kafin mu saki maƙala sai mun bi ta layi-layi, kowace magana a tambayi mai ita inda ya samo ta. Kwanan baya ɗayanmu ya kawo rubutu a kan sanannen hoton nan na yaƙin Biyetnam, inda wata yarinya take gudu tsirara a kan titi tana kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe a bayanta. Ya rubuta cewa sojan Amurka ne suka jefa mata bam, kuma wai hoton ne ya kashe yaƙin. Na ce a goge. Iyakar laifina ke nan.

To, jama'a, ku yi mana alƙalanci. An ɗauki hoton ran 8 ga Yuni 1972 a garin Trang Bang. Sunan yarinyar Phan Thi Kim Phuc, shekarunta 9 a lokacin. Jirgin da ya saki bam ɗin nafam, mai manne wa fata yana ci, na sojan Biyetnam ta Kudu ne, ya kuskure ya faɗa wa mutanensu. Abokina ya ce, "Haba, ai duk kanwar ja ce, wa ya ba su jirgin?" Madalla. Jirgin ƙirar Amurka ne, nafam ɗin kuma a Jami'ar Harvard aka ƙago shi a 1942. Rubuta wannan, ni zan fara sa maka hannu. Me ya sa mai gaskiya irin wannan a aljihu zai tafi aron ƙarya? Ranar da wani ya kama ka da ita, sai ya haɗa har da gaskiyar taka ya watsar.

Batun kashe yaƙi kuwa ba ya bukatar dogon musu. Tun 1969 Amurka take janye sojanta, Saigon kuma ba ta faɗi ba sai 30 ga Afrilu 1975.

Inda muka fi daɗewa shi ne a kan mai hoton. Shekara hamsin da ɗoriya duniya ta san Nick Ut na kamfanin dillancin labarai na AP ne ya ɗauka, har ya ci lambar Pulitzer a 1973. Sai ga wani fim, The Stringer, a Janairun 2025, yana cewa wani ɗan Biyetnam mai suna Nguyen Thanh Nghe ne ya ɗauka ya sayar wa AP. Carl Robinson, wanda ya yi aikin tace hotuna a ofishinsu na Saigon, ya ce shugabansa Horst Faas ne ya umarce shi ya sa sunan Ut. Faas ya rasu tun 2012, ba bakin musawa. AP ta yi bincike ta ce ba ta ga hujjar da za ta sa ta cire sunan Ut ba. Ƙungiyar World Press Photo ta yi nata, a watan Mayun 2025 ta dakatar da danganta hoton gare shi. Kim Phuc, wadda take zaune a Kanada tun 1992, tana bayan Ut.

Nan ma abokina yana son mu yanke hukunci mu ba Nghe, don shi ne talakan da aka danne. Wallahi ni ma zuciyata can ta karkata, wa ba ya jin zafin a ci gumin ƙaramin ma'aikaci? Amma mu su wane ne? Ba mu je Trang Bang ba, ba mu taɓa kyamarar ba. Waɗanda suka auna inuwa da tazara a hotunan ranar ma sun rabu biyu, sai mu da ke zaune a gindin darbejiya da waya ɗaya mai caji? Aikinmu mu faɗi wa ya ce me, a wace shekara, mu bar mai karatu da hankalinsa.

Malamanmu da ke hana mu ko ambaton Wikipedia a aji, wai rumbun shara ce, da ma za ku leƙo ku ga mutum biyar sun kwashe awa uku a kan kalmar "kuskure". Ku kuka koya mana tambayar madogara, ga shi muna yi ba ku nan.

Mun ƙare da ƙuri'a, uku da biyu. Layin yanzu yana cewa jirgin Biyetnam ta Kudu ne, ƙirar Amurka, sunayen Ut da Nghe kuma duk suna ciki, kowanne da masu goyon bayansa. Abokina bai yi mini magana ba tun ranar, ga shi kuwa littafina na Tarihi yana hannunsa, jarrabawa saura mako biyu.