Ruwan Challawa: Mu ma da ke Makka akwai hakki a wuyanmu

Wanda ya daɗe a ƙasar nan bai manta da Tafkin Miski ba, tafkin ruwan bahaya na gabashin Jidda. Sai bayan ambaliyar Nuwamban 2009, da jama'a suka yi ta kuka har a Facebook, aka ƙafar da shi a 2010.

To, gida fa? Shekara da shekaru kamfanonin jima na Sharaɗa da Challawa suna sako dagwalo mai sinadarin kuromiyam, yana gangarawa kogin Challawa. Kogin nan kuwa shi matatar Panshekara ke ɗiba ta ba Kano ruwan famfo, wasu ƙauyukan bakin kogi ma kai tsaye suke sha. Mu ma'aikatan jinya mun sani, tafasa ruwa ƙwayoyin cuta yake kashewa, ba ya cire kuromiyam. Ƙoda ce ke shan wahalar a hankali.

Kuɗin magani kam muna turawa duk wata. Ƙungiyoyin Kanawan Makka su haɗa kai da masu unguwannin Kumbotso, a rubuta wa NESREA da Ma'aikatar Muhalli: a riƙa gwada ruwan ana bayyana sakamako, kamfanin da bai tace dagwalonsa ba a toshe bututunsa.