Kuɗi a hannun uwa: abin da aka gani a Otjivero

'Yan'uwa mata, da zarar an ce a ba talaka kuɗi duk wata, sai ki ji ana cewa zuciyarsa za ta mutu, gara a samar wa kowa aiki. Aikin muna so, amma yaron da ke ramewa yau ba zai jira a gina masana'anta ba.

A ƙauyen Otjivero na Namibiya, daga Janairun 2008 aka riƙa ba duk wanda bai kai shekara 60 ba dalar ƙasar 100 a wata, babu sharaɗi. Rahoton masu shirin ya ce cikin shekara guda yara masu ƙarancin nauyi sun ragu daga kashi 42 zuwa 10 cikin ɗari. Mu da ke ɗora yara kan sikeli kullum mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu matan ma da kuɗin suka fara gasa burodi da ɗinki.

Ke fa, da me za ki fara?