Afirka Ba Jujin Kowa Ba Ce

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani sabon salon mulkin mallaka da ba ya zuwa da bindiga, a ƙulle cikin dilar gwanjo yake zuwa. Manyan kamfanonin sutura irin su Zara da H&M da Shein sun mayar da yayi hanyar tara dukiya. Suna ɗinka tufafi masu araha marasa ƙwari, suna sauya salo cikin 'yan makonni, domin mai saye ya sa sau kaɗan ya yar, ya koma ya sayi sabo. To, ina ake kai abin da aka yar?

Mu dubi kasuwar Kantamanto ta birnin Akkara a ƙasar Gana. An ƙiyasta tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 ke shigarta kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 ba sa sayuwa, juji suke komawa. Da yawansu da zaren roba aka saƙa su, wanda ake samu daga man fetur, ba ya ruɓewa sai bayan shekaru aru-aru. Su ne ke toshe magudanan ruwa, su cika tafkin Korle, su lulluɓe bakin teku, masunta su jefa koma su jawo tsummoki. A watan Janairun 2025 gobara ta laƙume mafi yawan kasuwar, dubban talakawa suka tashi ba jari.

Kada mu ce wannan matsalar Gana ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Irin waɗannan diloli ne ake kwancewa a Ƙofar Wambai ta Kano, alhali masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban iyalai tuni an garƙame su.

Ba mu zargin talakan da ya sayi gwanjo don rufin asiri, ko ɗan kasuwar da ke neman abincinsa. Zarginmu yana kan 'yan jari-hujjar da ke kwashe riba su bar mana shara, da gwamnatocinmu da suka zuba ido, da mu 'yan boko da ke ganin maimaita riga abin kunya ne.

Saboda haka muna kira ga hukumomi su hana shigo da tsumma da sunan gwanjo, su kuma matsa sai kamfanonin nan sun biya kuɗin kwashe shararsu. Mu kuwa mu sayi mai ƙwari, mu kai wa tela abin da ya yage, mu riƙe masaƙanmu da marinanmu da daraja.