Ƙwayar da ke cire wa ƙwaƙwalwa mai gadi

Yau zan taɓo wani zance da ke yawo a wayoyin samarinmu: wai Turawa sun gano wata laimar kwaɗi mai "buɗe hankali", har likitoci na ba da ita. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma nan ne haɗarin yake.

A 1938 wani masanin haɗa magunguna, Albert Hofmann, ya haɗa sinadarin LSD a birnin Basel na Suwizalan. A 1943 ya sha kashi ɗaya cikin huɗu na miligiram guda, abin da ido ma ba ya gani sosai, sai duniya ta birkice masa na tsawon awoyi. Ita kuwa laimar kwaɗin, sinadarinta sunansa silosaibin.

Yaya ɗan wannan abu yake juya mutum? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai, ɗaya daga ciki shi ne sirotonin. Kowane sinadari da irin kwaɗon da yake buɗewa. LSD da silosaibin sun yi kama da sirotonin, sai su shige wani kwaɗo da masana ke kira 5-HT2A, kamar makullin jabu da ya dace da ƙofar shago.

Duk wanda ya taɓa ciniki a Dantokpa ta Kwatano ya san hayaniyarta, amma duk da haka yana jin mai taya masa kaya sarai. Dalili, ƙwaƙwalwa tana da mai gadi da ke tace abin da ido da kunne suka kawo. Waɗannan ƙwayoyi suna raunana tacewar. Launi ya ƙara ƙarfi, bango ya riƙa motsi, minti biyar ya zama kamar yini.

A 2012 Robin Carhart-Harris da abokan aikinsa a Imperial College ta Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutanen da aka ba silosaibin. Suka ga sassan da ke aiki tare lokacin da mutum yake tunanin kansa, jiyansa da gobensa, sun sassauta haɗinsu. Shi ya sa wasu ke cewa sun ji "ni" ɗinsu ya narke. Wani ya ji daɗin haka, wani kuma tsoro ya kama shi kamar ransa zai fita. LSD kan ɗauki awa 8 zuwa 12 kafin ya saki mutum, kuma ba a tsayar da motar a sauka a hanya.

Batun magani fa? A 2023 Ostiraliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin amfani da silosaibin ga ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Amma ana tantance mara lafiya, a auna ƙwayar, ma'aikata su zauna tare da shi. A gwaje-gwajen ma, ba a ɗaukar wanda ke da tarihin taɓin hankali, shi ko danginsa na kusa, don ƙwayar na iya tayar da ciwon da ke kwance. Mai sayarwa a lungu ba zai tambayi yaronka tarihin gidanku ba.

Mu ma muna da namu. Zaƙami, wanda ba banza aka sa masa suna haukata-yaro ba, hanyarsa daban: yana toshe wani sinadarin ne, asetilkolin. Mai shan LSD yawanci ya san ƙwaya ce ke nuna masa abin da yake gani. Mai zaƙami kuwa sai ya yi ta hira da wanda babu shi, jiki zafi, baki a bushe, kuma yana kisa. 'Yan uwanmu na Kamaru da Gabon kuma sun san saiwar iboga, wadda ke iya rikita bugun zuciya.

Shawarata ga iyaye, tunda fatauci na raba mu da gida: idan yaro ya kawo wannan zance, kada a fara da tsawa, a bi shi da bayani. In kuwa an ga ya rikice, baƙin idonsa ya buɗe, yana sambatu, kada a daka shi ko a kulle shi shi kaɗai. A zauna da shi, a kawar da wuƙa da wuta, a kai shi asibiti, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.