A Shigo Da Aikin Kimiyya Cikin Darasin Turanci

Duk shekara, idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, akwai kukan da ake ji a gidaje da yawa. Yaro ya ci Lissafi, ya ci Kimistiri da Fiziks, amma Turanci ya kayar da shi. In babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a da ta kwalejin koyon aikin jinya a rufe suke, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa. Sai ya zauna gida shekara guda, iyaye su sake fafutukar kuɗin rajista. 'Ya mace kuwa, sau da yawa daga wannan zaman karatunta yake tsayawa.

An daɗe ana ja-in-ja kan harshen koyarwa. A Nuwamban 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin. Ko da wane harshe aka fara, takardar jarrabawar sakandare da Turanci take zuwa, haka ma littafin likitanci. Don haka abin da ya dame mu yau shi ne yadda ake koyar da Turancin.

Kowa ya san yadda darasin yake tafiya a yawancin makarantun gwamnati. Malami ya cika allo da ƙa'idojin nahawu, yara su kwafa, a karanta wani labari da bai shafe su ba, a amsa tambaya biyar, a kaɗa ƙararrawa. Minti arba'in sun wuce ɗalibi bai buɗe baki ya haɗa jimla ɗaya tasa ta kansa ba. 'Yan ajin kimiyya ma sukan ɗauka darasin ba nasu ba ne, sai jarrabawa ta ƙarato hankali ya tashi.

Ra'ayin wannan jarida shi ne a ware darasi ɗaya a kowane mako, a ba yaran nan abin karantawa kan mutanen da suke aikin da su ma suke mafarkin yi, sannan a bar su su yi magana a kai. Yaron da yake son zama injiniya, a miƙa masa shafi guda kan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi, ya wuce Detroit a Amurka, ya zana motar Chevrolet Volt. Ba sai an ɗaga masa bulala ba, da kansa zai nemi ma'anar kalmar da ta tsaya masa, domin yana son sanin yadda aka yi.

Tattaunawar ita ce ƙashin bayan abin. A ɗauki labarin Dakta Stella Adadevoh, wadda a Yulin 2014 ta ƙi sallamar Patrick Sawyer, wani majinyaci mai ɗauke da Ebola, daga asibiti a Legas duk da matsin lambar da aka yi mata, ta tare Ebola a bakin ƙofa, ita kuma cutar ta yi ajalinta a watan Agusta. A tambayi aji: shin likita na da ikon riƙe majinyacin da ya ce shi tafiya zai yi? Nan take ajin zai rabu biyu. Wanda yake son ya kayar da abokin gardamarsa dole ya nemo kalmomi, ya jera hujja, ya saurari amsa, ya mayar da martani. Abin da jarrabawa take nema ke nan a rubutun insha'i da taƙaita labari, kuma shi ne haddar ƙa'ida ba ta bayarwa. Ko a ɗauko waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019 don ya jure wa tsutsar da ke cinye fure da kwanso. Ɗan manomi ya ga ɓarnar tsutsar nan da idonsa, ya kuma ji gardamar da manya ke yi kan irin da aka sauya wa halitta kamar wannan waken. Yana da abin faɗa, harshen faɗarsa kawai yake nema.

Abin karantawar ma ba sai an jira littafi daga Abuja ba. Takardar da ke naɗe cikin kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da Turanci take, tana bayanin ƙwaya nawa za a sha gwargwadon nauyin jiki. Rubutun jikin robar maganin feshi yana faɗin awon da za a zuba a tankin goyo, da kwanakin da za a jira kafin a girbe amfanin gona. Ɗalibin da ya karanta wannan a aji, ya bayyana wa 'yan uwansa, zai koma gida ya karanta wa mahaifinsa.

Akwai wata riba kuma. Tambayi 'yan ajin kimiyya me suke son zama, kusan duka za su ce likita ko injiniya, saboda su kaɗai suka sani. Ba a taɓa ba su labarin mai gwajin jini ba, ko mai ɗaukar hoton ƙashi, ko mai auna ƙasa ya gano inda ruwa yake kafin a haƙa rijiyar burtsatse, ko ma'aikatan cibiyar Vom a Filato da ke haɗa rigakafin dabbobi. Wanda bai samu gurbin likitanci ba sai ya ɗauka karatu ya ƙare masa.

Mun san za a ce malamin Turanci bai san kimiyya ba, kuma aji ya cika maƙil. Gaskiya ne. To, malamin Bayoloji yana nan a ofis ɗaya da shi, su zauna su zaɓi shafin tare. Babban aji a kasa shi rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da mai magana, a riƙa juyawa har 'yan mata da masu jin kunya su samu rabo. A kuma daina cin tarar yaro don ya yi Hausa: a bar shi ya fara warware tunaninsa da harshensa, sannan ya tashi ya faɗa da Turanci, malami ya gyara masa bayan ya gama, ba tare da an yi masa dariya ba. Nahawu da adabi suna nan a sauran darussan mako.

Muna kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi su gwada wannan a zango mai zuwa, Kano kuma ta yi gaba da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da ta kafa tun 1977. Tsofaffin ɗalibansu sun cika asibitoci da jami'o'i da ma'aikatu. Ƙungiyoyinsu su nemi kowane mamba ya rubuta shafi ɗaya da sauƙaƙan Turanci kan yadda yinin aikinsa yake, a buga a raba wa makarantu, wanda ya samu hali kuma ya zo aji da kansa ya amsa tambayoyin yara.